Amsa ga mai son zuba kuɗi a cinikin sari lokacin bukukuwan 'yan Tamil

Ƙanwata, kin ce ƙawarki 'yar Tamil da kuka yi karatu tare a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu ta Indiya, tana so ku haɗa jari ku saro sari, wato zanen nan da matan Indiya ke ɗaurawa, ku sayar lokacin bukukuwan addininsu, ke kuma baki san yaushe ne lokacin ba, baki san wane iri ake nema ba, ga tsoron kar kuɗinki ya kwanta a kaya. Toh bari in faɗa miki abinda na sani, don na daɗe ina shiga kasuwannin yadi na jihar Tamil Nadu, na zauna da masaƙa a gidajensu, na ga yadda masu shago ke juya kayansu daga wannan wata zuwa wancan.

Abu ɗaya zaki riƙe tun kafin ki tura ko rupi ɗaya: a can kalanda ce ke sayar da sari, kyan kaya daga baya yake zuwa. Matar Tamil ba kasafai take shiga shago don kawai ta ga abu ya burge ta ba, yawanci akwai ranar da ta wajaba ta sa sabo, ko akwai wacce ya zama dole ta ba kyauta, suruka ce ko ƙanwar miji ko 'yar aiki. In kin san ranar kuma kin san wa ke saya wa wa, kin gama rabin aikin. Kalandarsu ta rana ce, watanninsu suna kamawa ne wajen tsakiyar watan bature, sabuwar shekararsu tana faɗowa 14 ga Afrilu galibi, amma cinikin da kike magana a kai yana tashi ne daga tsakiyar Yuli ya tafi har tsakiyar Janairu, kuma kowane wata da irin nasa mai saye.

Na farko watan Adi, tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. A al'adarsu ba a ɗaura aure a wannan wata, wasu gidajen ma amaryar da bata daɗe da tarewa ba komawa gidan iyayenta take yi har watan ya fita. Kinga kenan cinikin kayan aure, wanda shi ne ƙashin bayan manyan shagunan siliki, tsayawa yake cak. Shi yasa 'yan kasuwa suka fito da rangwamen Adi don su kwashe tsohon kaya su samu kuɗin saro na gaba, yanzu abin ya zama al'ada, duk inda kika duba a unguwar T. Nagar ta Chennai allunan ragi ne a rataye, Nalli ne, Pothys ne, RmKV ne, Kumaran ne, kowa da nasa. Mai ƙaramin jari irinku ba zata iya gogayya da su a ragi ba, kar ma ku gwada. Adi a wurinku watan saye ne da bada oda. Sarin hannu mai nauyi sai ya ɗauki masaƙi sati biyu ko fiye kafin ya sauko daga masaƙa, in kuka bari sai Satumba duk masaƙan kirki manyan shaguna sun riga sun kama su da kafin alƙalami. Akwai dai ɗan cinikin da ake yi a ciki, ranakun Juma'a na watan mata na zuwa wuraren bautar Amman, abar bautarsu mace, ana neman sarin auduga ja da rawaya, sai ranar 18 ga watan da suke bikin cikar kogin Kaveri, sai kuma wata Juma'a wajen ƙarshen watan ko farkon na gaba da matan aure ke ibadar Varalakshmi, abar bautarsu ta arziki, a nan ana sa siliki.

Inda nake so ki maida hankali shi ne Navaratri, darare tara da ke zuwa a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. A gidajen Tamil ana jera 'yan tsana a kan wasu matakala, suna ce masa Golu, mata su dinga zagaya gidajen juna kullum da yamma, a yi waƙa, a ci dafaffen wake da kwakwa, in baƙuwa zata tafi a miƙa mata ɗan faranti da ganyen taunawa da kurkum da jan gari na goshi da ayaba, sau da yawa har da ƙyallen ɗinka 'yar rigar sari. Ki duba abinda wannan ke nufi ga mai sayarwa. Mace ɗaya tana buƙatar sari kala kala don ba zata maimaita ɗaya a gidajen da duk an san juna ba, kuma ba mai nauyi take so ba tunda yawo zata yi, auduga mai kyau ko gamin siliki da auduga take nema. Matar gida kuma tana sayen ƙyallen riga da yawa a lokaci ɗaya. Kuɗin kaɗan ne, ribar kowanne ma kaɗan ce, amma kaya yana gudu, kuma a falon nan ne wata zata taɓa gefen sarin wata ta ce a ina kika samu. Wallahi babu tallan Instagram da ya kai wannan tambayar. In ƙawarki tana da uwa ko inna mai yawan jama'a, ku fara tufatar da ita.

Daga ƙarshen Navaratri zuwa Dipawali, babban bikinsu na fitilu, kusan kwana 20 ne, kuma a nan ake yin cinikin shekara. In kin taɓa kutsawa kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi toh kin san yanayin titin Ranganathan da titin Usman na T. Nagar a waɗannan kwanaki, ba kya tafiya da ƙafarki, jama'a ce ke tura ki. 'Yan Tamil da asuba suke nasu bikin, a shafa man riɗi a yi wanka kafin rana ta fito, a ɗauko sabbin kaya da aka ɗiga wa kurkum ko jan gari a gefe, kowa a gidan sai ya sa sabo, daga kaka har jariri. Ma'aikata sun karɓi kuɗin garaɓasar shekara, masu gida suna saya wa 'yan aiki, masu kamfani suna saya wa ma'aikata da yawa lokaci guda. Sannan ga Dipawalin farko na sabbin ma'aurata, wanda iyayen amarya ke yi wa 'yarsu da mijinta kaya masu tsada, wannan kam ko da bashi sai an yi, don idon dangin miji na kai.

Ki shiga irin shagon nan ki tsaya ki kalli mai jiran kanta. Zai zaro sari daga tari ya kaɗa shi sau ɗaya ya baje, gefen adon da ake yafawa a kafaɗa ya faɗo daidai gaban mai saye, ya tattara ninki biyar shida da yatsunsa ya kara a jikinsa ko a jikin yarinyar shago don a ga yadda zai zauna. Uwar ba zata ce komai ba, sai ta juya bayan sarin ta bi zaren da farce, ta ɗaga shi a tafin hannu ta ji nauyi, sannan ta ce a kai mata bakin ƙofa ta gani a hasken rana don fitilar shago tana ƙara wa kala ƙarya. Sai an baje talatin kafin a ɗauki ɗaya, kuma mai shago baya ɓata rai. In ƙawarki bata da irin wannan haƙurin gara ku nemi wanda zai tsaya muku.

Wani abu da sababbi basa lura da shi, cinikin sari na Dipawali yana mutuwa tun kafin ranar, saboda 'yar rigar sai an kai wa tela, teloli kuma suna daina karɓar ɗinki saura sati ɗaya ko biyu. Duk sarin da bai fita ba a lokacin ya fara zama kwantai. In kuna da telanku da zai ɗinka riga ya kuma ɗinke bakin ƙasan sarin da siririn ƙyallen da ake sawa don ya yi nauyi ya zauna, ya kitse jelar gefen adon, toh kun ƙara wa kanku kwanakin ciniki da wasu basu da shi. Ga kuma ruwa, daminar Chennai daga Oktoba zuwa Disamba take, an yi mummunar ambaliya a 2015 an sake yi a Disamban 2023, kar ku ajiye kaya a ɗakin ƙasa ko da haya tafi sauƙi.

Bayan nan kasuwa tana ɗan lafawa. Watan Margazhi, tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, shi ma ba a cika aure a cikinsa ba, amma lokacin ne ake taron kiɗa da waƙoƙin gargajiya a Chennai, manyan mata su fito da tsofaffin silikinsu na Kanchipuram, akwai ma wani shuɗi da ake kira da sunan mawaƙiya M. S. Subbulakshmi wanda har yau ana nemansa. Waɗannan matan sun san kaya fiye da ni da ke, kuma suna da shagon da kakanninsu ke saye, ba naku bane tukuna. Sai Pongal, bikin girbi na kwana huɗu wajen 14 ko 15 ga Janairu, ana dafa sabuwar shinkafa da madara a sabuwar tukunya har ta tumbatsa, ga rake a kowace ƙofa. Wannan na auduga ne da farin zanen maza, kuma ya fi ƙarfi a garuruwan karkara. Ki sani tun 1983 zamanin babban ministan jihar M. G. Ramachandran gwamnatin jihar ke raba wa masu ƙaramin ƙarfi sari da zanen maza kyauta lokacin Pongal, don haka sarin da ya fi kowanne araha ba shi da kasuwa sosai a lokacin, na tsakiya ake saye. Da watan Thai ya kama a ranar Pongal aure ya buɗe, siliki ya dawo.

Yanzu maganar kaya. Kowa in aka ce Tamil Nadu sai ya ce Kanchipuram, garin da ke da nisan kilomita 70 da ɗoriya daga Chennai, kuma gaskiya ya cancanta. Silikin daga Karnataka ake kawo yawancinsa, zaren ado mai ƙyalli kuma daga Surat, duk da gwamnatin jihar tana da masana'antarsa a garin tun 1971. Na asali zaren siliki ne ake naɗe shi da siririyar wayar azurfa sannan a yi masa ruwan zinari, shi yasa duk sanda azurfa da zinari suka tashi farashin sarin ma tashi yake. A irin saƙar da suke kira korvai, jikin sarin daban ake saƙa shi, bakinsa daban da wata kalar, ana sarƙe su da hannu layi bayan layi da ƙoshiya uku, sau da yawa mutum biyu ne a kan masaƙa ɗaya. In kin juya bayansa zaki ga wajen haɗin kamar haƙoran zarto ƙanana, kuma ko jikin ya tsufa ya yage haɗin baya rabuwa. Irin wannan daga rupi dubu goma da wani abu yake farawa, na amare yana haura dubu ɗari. Shawarata kar ku sa jarinku a nan a shekarar farko. Guda biyar kawai zasu cinye kuɗin, kuma babu uwar da zata sayi sarin auren 'yarta a hannun wacce bata sani ba ta WhatsApp. In kwastoma ta nema ku karɓi rabin kuɗi ku je ku kawo mata.

Jabu kuwa ya yi yawa har a cikin Kanchipuram ɗin. Kina sauka daga bas masu keke napep da 'yan kamasho zasu yanyame ki su ce zasu kai ki wajen masaƙa kai tsaye, su kai ki shagon da ke basu lada, wani shagon ma sunansa ya yi kama da na ƙungiyoyin masaƙa na gwamnati, harafi ɗaya ko kalma ɗaya aka canza. A miƙo miki saƙar inji mai zaren roba da adon tagulla a ce gangariya ce. Ki zaro zare ɗaya daga jelar ki kunna masa ashana, siliki yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ki kankare zaren adon da farce, na kirki zaki tarar da jan siliki a cikinsa. Ki nemi tambarin Silk Mark da hukumar siliki ta ƙasar ta fito da shi a 2004, da Handloom Mark na 2006 mai nuna saƙar hannu ce, amma ki sani Silk Mark shaidar siliki kawai yake bayarwa, bai ce komai ba a kan azurfar da ke cikin adon. Ni ba na ƙin sarin inji, garin Elampillai kusa da Salem da shi yake ci, kuma miliyoyin mata shi suke iya saye. Abinda ke ƙona min rai shi ne a sayar da shi da sunan na hannu, don masaƙin da ya kwana sati biyu a cikin rami yana taka itace shi ake cuta, 'ya'yansu da yawa sun bar sana'ar sun tafi aikin kamfani saboda haka. Ku faɗa wa mai saye gaskiyar abinda ke hannunku, na inji ne ku ce na inji ne, zata saya kuma zata dawo.

Abinda zan so ku cika jakarku da shi: audugar Chettinad mai manyan ɗakuna da kala mai kauri daga yankin Karaikudi, Sungudi na Madurai wanda ake ƙulle shi ɗigo ɗigo kafin a rina, gamin siliki da auduga na yankin Coimbatore, silikin Sirumugai mara nauyi da 'yan mata ma'aikata ke so, sai ɗan silikin Arani ko Thirubuvanam ga wacce ke son siliki na gaske amma bata kai Kanchipuram ba. Ku haɗa da siket ɗin siliki na yara mata, don uwa ko ta haƙura da nata ba zata bar 'yarta ba sabo ranar Dipawali. Kala kuma kar ki zaɓa da idonki na Bahaushiya, ki bar ƙawarki ta zaɓa. Ja mai duhu, rawaya, kore, ruwan mangwaro, shuɗin wuyan ɗawisu, waɗannan su ne na biki. Baƙi ba a ba da shi kyauta a irin waɗannan ranaku, fari fat mara ado kuma a wajen tsofaffi yana tuna takaba. Tsayin da aka saba mita 5.5 ne, da ƙyallen riga ya haura 6. Akwai mai yadi tara da matan gidajen Brahmin, wato ajin limaman Hindu, ke ɗaurawa a ibada da aure, kar ku tara shi sai da oda, masu sayensa kaɗan ne amma in suka yarda da ku basa canzawa.

Ku kuma sa a lissafi cewa Co-optex, kamfanin ƙungiyoyin masaƙan jihar da aka kafa tun 1935, yana bada ragin da ke kai kashi 30 cikin 100 a lokutan biki, kuma mutane sun yarda da shi. Ba zaku doke shi a farashi ba. Abinda zaku fi shi da shi shi ne kai kaya har falo, a baje wa mace da surukarta su zaɓa suna shan kofi, da ɗaukar bidiyo a hasken rana ba tare da an gyara kala ba, da yarda a canza in bai yi ba. Ƙananan al'adu ma suna da tasiri, cinikin farko na safe ba a bada shi bashi, kuma kowace rana akwai awa ɗaya da rabi da wasu ke gudun fara abu mai muhimmanci, ta Juma'a daga 10:30 ne zuwa 12, in kwastoma ta ce a jira lokacin ya wuce kafin ta biya ku jira kawai.

Sai abinda ya shafe ki ke kanki. Bizar karatu ko ta jinya ko ta yawon buɗe ido bata ba ki damar yin kasuwanci a Indiya ba, don haka komai da sunan ƙawarki zai kasance, rajistar haraji, asusun banki, rasit, duka. Harajin sayen kaya da suke ce wa GST a kan sari kashi 5 ne, ku saye da rasit don ku iya lissafi. Tunda kuɗinki zai shiga hannun da doka ta sani ba naki ba, dan Allah ku rubuta yarjejeniya da shaidu, nawa kowa ta sa, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asarar kayan da ruwa ko asu ya ɓata, kuma ki fara da abinda in ya tafi ba zai hana ki barci ba. Zumunci yana lalacewa a kan abinda ba a rubuta ba fiye da a kan abinda aka rubuta.

Na san kuma zuciyarki zata tambaya ta fuskar addini tunda bukukuwan bautarsu ne. Yawancin sarin nan tufafi ne da mace zata sa a jikinta ko ta ba 'yar uwarta, amma akwai wanda ake saya takanas don a tufatar da abin bauta, musamman a watan Adi. Ni wannan na biyun ba na shiga cikinsa, ke ma ki kai maganar gaban malamin da kika yarda da shi tun kafin ku fara, ki kuma gaya wa ƙawarki matsayinki a fili cikin mutunci, 'yan Tamil mutane ne masu girmama mai riƙe da addininsa.

Kayan da ya rage bayan Pongal kar ku yi gaggawar karya shi. Ku cire shi daga leda ku naɗe a farin ƙyallen auduga, ku dinga canza ninkin duk bayan wata biyu uku don siliki a kan ninki yake tsagewa, ku sa busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin. Sabuwar shekararsu ta Afrilu tana tafe, ga kuma Musulmin jihar da sun kusa kashi 6 cikin 100 na jama'arta a ƙidayar 2011, matansu da yawa sari suke sawa kuma suna sayen sabo da azumi, a unguwar Triplicane ta Chennai da garuruwa irin su Vaniyambadi da Kilakarai da Nagore. Tun wajen saro kaya ku ware wasu masu adon fure da ɗakuna da layi, marasa hoton ɗawisu ko giwa, don su ne zasu fi saurin fita a wannan ɓangaren, kuma a nan ke ce zaki fi ƙawarki sanin abinda za a ce wa kwastoma.